Daga allo zuwa bakin indararo: Yadda sabon malami zai koyar da lissafi ta hanyar aiki

A farkon kowane zangon karatu, makarantun sakandare a Najeriya kan karɓi sababbin fuskoki a ɗakin malamai. Wasu ɗaliban kwalejin ilimi ne da suka zo gwajin koyarwa, wasu masu yi wa ƙasa hidima ne, wasu kuma sababbin ɗauka. Wanda aka miƙa wa alli aka ce ya koyar da lissafi, shi ne galibi ya fi shan tambayar da ɗalibai suka gada kaka da kakanni: malam, ina wannan abin zai amfane mu?

Ɗaya daga cikin amsoshin da masana harkar ilimi suka daɗe suna bayarwa ita ce koyarwa ta hanyar aiki. Maimakon malami ya rubuta ƙa'ida a allo, ya warware misali biyu, ya ba da jinga goma, sai ya kawo wata matsala ta zahiri wadda ba za ta warwaru ba sai da lissafin da yake son koyarwa. Ɗalibai su ɗauki mako biyu ko uku suna awo, suna ƙirga, suna gardama, daga ƙarshe su fito da amsar da wani zai iya amfani da ita.

Tsarin yana da daɗin ji, kuma sababbin malamai su ne suka fi saurin rungumar sa, don ba su daɗe da jin labarinsa a aji ba. Sai dai su ne kuma ya fi saurin kayarwa. Tarihin tsarin da binciken da aka yi a kansa sun nuna inda ramin yake.

Tsohon tunani ne

Masanin falsafar nan na Amurka, John Dewey, ya buɗe makarantar gwaji a Jami'ar Chicago a 1896, inda yara ke koyon awo da ƙirga ta hanyar girki da sassaƙa da saƙa. Almajirinsa William Heard Kilpatrick, na kwalejin horar da malamai ta Jami'ar Columbia da ke New York, shi ya yayata tunanin da wata maƙala da ya wallafa a 1918, wadda ta bazu a tsakanin malamai fiye da yadda aka zata.

Abin ban mamaki shi ne Kilpatrick tsohon malamin lissafi ne, amma daga baya ya koma yana ganin ba kowane ɗalibi ne ke buƙatar aljabara da lissafin siffofi ba. Tun daga nan wasu malaman lissafi suka fara yi wa tsarin kallon hadarin kaji.

Tarayyar Sobiyet ta ɗauki tsarin hannu bibbiyu a shekarun 1920, aka rage darussan aji, aka tura yara gonaki da masana'antu. A 1931 mahukuntan ƙasar suka yi watsi da shi, bisa hujjar cewa yara na fitowa ba su ƙware a tushen karatu da lissafi ba. Shi kansa Dewey, a wani littafi da ya fitar a 1938, ya soki masu sakin yara sakaka da sunan 'yanci, ya nuna cewa jagorancin malami ba abin yarwa ba ne.

Haɗa lissafi da buƙatun jama'a kuwa ya girmi dukansu. Littafin Al-Khwarizmi da aka rubuta a Bagadaza wajajen shekara ta 820, wanda daga sunansa aka samo kalmar aljabara, ya bayyana tun a gabatarwa cewa an yi shi ne don abin da mutane ke buƙata a rabon gado da wasiyya da ciniki da awon filaye da haƙa magudanan ruwa. Babban kaso na littafin ma matsalolin gado ne. Duk wanda ya taɓa zama a gaban malamin da ke fitar da sudusi da sumuni da sulusi daga dukiya guda ya ga lissafin kashi-kashi yana aiki, kuma babu mai tambayar amfaninsa a wurin.

Me bincike ya nuna?

Binciken da aka fi ambata a fannin lissafi shi ne na Jo Boaler, wadda yanzu farfesa ce a Jami'ar Stanford. A shekarun 1990 ta bi ɗalibai kimanin 300 a makarantu biyu na Ingila tsawon shekara uku, daga suna da shekara 13 har zuwa 16. Ta sakaya sunayen makarantun, ta kira ɗaya Amber Hill, ɗaya Phoenix Park. Ɗaliban sun fara da ƙoƙari kusan iri ɗaya, kuma iyayensu ba su bambanta sosai ta fuskar hali ba.

A Amber Hill littafi da allo ake bi, ɗalibai na zaune tsit suna aiki. A Phoenix Park kuwa ayyuka ake ba su na mako biyu zuwa uku. Ɗaya daga ciki shi ne na manomin da ke da shinge 36, kowanne tsawonsa mita ɗaya, yana son ya killace fili mafi girma da zai iya.

Wannan tambaya ta isa a tsaya a kanta, don tana nuna yadda aiki mai kyau yake. Ɗalibin da bai yi nisa ba zai fara da fili mai kusurwa huɗu: 17 sau 1 ya ba shi murabba'in mita 17, 12 sau 6 ya ba shi 72, 10 sau 8 ya ba shi 80, 9 sau 9 kuma 81. Da hannunsa zai gano cewa shingen bai ƙaru ba amma filin yana ƙaruwa. Wanda ya fi shi nisa zai gwada mai gefe shida, sannan mai gefe goma sha biyu. Wanda ya kai ga amfani da duk shingayen a matsayin gefe 36, ya kusa yin da'ira ke nan, zai samu kusan murabba'in mita 103. Kafin ya kai can dole ya nemi lissafin kusurwoyin alwatika, kuma a lokacin ne malami ke koya masa, sa'ad da yake neman abin da kansa. Tambaya ɗaya ta ɗauki mai rauni da mai ƙarfi, kowa ya samu inda zai kama.

A jarrabawar ƙasa ta kammala sakandare, ɗaliban Phoenix Park da suka tsallake sun fi na Amber Hill yawa, kuma sun fi su iya tunkarar tambayar da ba su taɓa ganin irinta ba. Amma akwai abubuwan da masu yayata binciken kan tsallake. Makarantu biyu ne kacal. Boaler da kanta ta rubuta cewa a Phoenix Park akwai ɗalibai da yawa da ke ɓata lokaci suna hira maimakon aiki. Sannan makarantar ta ajiye ayyukan a watannin ƙarshe ta koma shirin jarrabawa gadan-gadan.

A ɗaya gefen kuma, a 2006 wasu masana uku, Paul Kirschner da John Sweller da Richard Clark, sun fitar da maƙalar da ta tayar da ƙura. Hujjarsu ita ce ƙwaƙwalwar ɗan Adam ba ta iya riƙe sababbin abubuwa da yawa a lokaci guda. Idan aka jefa wa ɗan koyo matsala babba ba tare da jagora ba, duk ƙarfinsa zai ƙare a lalube, bai koyi komai ba. Masu kare tsarin sun mayar da martani a shekarar da ta biyo baya cewa aikin da aka tsara da kyau cike yake da jagorancin malami. Idan aka lura, ɓangarorin biyu sun haɗu a wuri ɗaya: ba a barin ɗalibi shi kaɗai.

Wani gwaji da gidauniyar Education Endowment Foundation ta ɗauki nauyi a Ingila, wanda aka fitar da sakamakonsa a 2016, bai ga wani ci gaba a fili ba wajen karatu da rubutun 'yan ajin farko na sakandare, har ma ya nuna alamar cewa 'ya'yan marasa ƙarfi na iya komawa baya. Makarantu da dama sun janye kafin a kammala, abin da ya rage ƙarfin sakamakon, kuma ba lissafi aka auna ba. Duk da haka janyewar kanta darasi ce, domin tsarin na cin lokaci da ƙarfin malami.

Rufin aji da ruwan sama

Kuskuren da aka fi yi shi ne a fara da aikin, sannan a dawo ana neman inda za a cusa lissafi. Haka ake wayar gari ɗalibai sun shafe mako biyu suna yanka kwali suna fenti don gina gidan wasa, iyaye sun kashe kuɗi, an ɗauki hotuna, amma lissafin da ke ciki bai wuce na minti goma ba. Malamin da ya san abin da yake yi daga jadawalin darussan zango yake farawa. Ya duba abin da ya wajaba ya koyar a makonnin nan, sannan ya tambayi kansa wace matsala ce a harabar makaranta ba za ta warwaru ba sai da shi.

A ɗauki misalin malamin ƙaramar sakandare da jadawali ya kawo shi kan faɗin fili, da yawan abin da mazubi ke ɗauka, da kashi cikin ɗari. Makarantar ba ta da famfo, 'yan garuwa ake saya wa ruwa. Tambayar da zai rubuta a allo guda ce: idan aka tara ruwan saman da ke zuba daga rufin ajin nan, zai ishe mu zango guda, kuma wane irin tanki ya kamata a saya?

Matakin farko awon rufi ne, kuma ba a hawa ko'ina. Ruwan da ke zuba daga bakin kwano yakan bar layi a ƙasa, wannan layin ake aunawa da igiya ko tef. Nan take gardama za ta tashi, wani ɗalibi zai ce ai rufin a karkace yake, don haka ya fi abin da aka auna a ƙasa faɗi. Gaskiyarsa, amma ruwan da rufin ke tarewa daidai yake da wanda zai sauka a filin da rufin ya lulluɓe, don haka awon ƙasa shi ne ake buƙata. Malamin da ya bari aka yi wannan gardamar minti goma kafin ya raba ta ya koyar da abin da littafi ba ya iya koyarwa a shafi guda.

A ce an samu mita 9 da mita 8, murabba'in mita 72 ke nan. Sai awon ruwan sama. Gwangwani mai miƙaƙƙen jiki da rula sun wadatar: a ajiye shi a fili nesa da bango da bishiya, bayan an ɗauke ruwa a auna zurfin abin da ya taru. A nan ne malami zai tsaya ya koyar kai tsaye, a allo, da misali, cewa milimita ɗaya na ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce cif. Wannan ba abin da za a bar yara su lalubo ba ne, a nuna musu yadda aka samo shi, su maimaita.

Daga nan lissafin ya buɗe. Ruwan milimita 20 a dare ɗaya ya ba da lita 1,440, wato sama da jarka 57 mai cin lita 25. Ɗalibai sun san kuɗin jarka a unguwarsu fiye da malam, su za su mayar da shi naira. Idan aka ɗauka cewa daminar ta ba da milimita 800, rufin ya tari lita 57,600. Ba duka za a samu ba, wani zai fantsama, na farko kuma zubarwa ake yi don ya wanke ƙura da kashin tsuntsaye. Idan aka cire kashi 20 cikin 100, saura lita 46,080.

Sai tanki. Mai siffar ganga wanda daga tsakiyarsa zuwa gefe mita ɗaya ne, tsayinsa mita biyu, zai ci kusan lita 6,286. Ɗalibai 60, kowa lita biyu a rana, lita 120 ke nan, tankin zai ƙare a kwana 52. Zangon mako 13 kuwa yana da ranakun makaranta 65. Bai isa ba. To a ƙara tanki ne, ko a rage abin da kowa ke sha, ko a dogara da cewa za a sake yin ruwa kafin ya ƙare? Ga kuma wata matsalar da wani mai kaifin basira zai hango: watan Agusta da aka fi tafka ruwa a arewacin Najeriya, makaranta na dogon hutu, tanki zai cika ya yi ta ambaliya ba kowa.

Ƙarshen aikin takarda ce mai shafi ɗaya zuwa ga shugaban makaranta ko ƙungiyar iyaye da malamai, ɗauke da alƙaluma da shawara. Ko an sayi tankin ko ba a saya ba, ɗaliban sun san wani babba zai karanta, kuma hakan kan sa su sake duba ninkawarsu ba tare da an ce su duba ba.

Irin wannan aiki da damina yake tafiya, don haka zango na uku ya fi dacewa da shi, ko makonnin farko na zangon Satumba. Da rani akwai wasu. Magina na daidaita kusurwar gini da awon uku da huɗu da biyar, wanda shi ne ƙa'idar Pythagoras a aikace, kuma bulo mai inci tara kusan guda goma ke rufe murabba'in mita ɗaya na bango, don haka lissafin katangar makaranta aiki ne cikakke. Fulotin ƙafa 50 da 100 da kowa ke ambata, mayar da shi murabba'in mita kimanin 465 darasi ne na sauya ma'auni.

Aji mai ɗalibai casa'in

Manufar ilimi ta ƙasa ta tanadi malami ɗaya ga ɗalibai 40 a sakandare. A makarantun gwamnati da yawa, musamman na cikin birane, aji kan ninka haka. Darasi kuma minti 40 ne. Sabon malamin da ya fitar da ɗalibai 90 waje da igiya uku a makonsa na farko, kafin ya san sunayensu, kafin su san muryarsa, ya gayyato wa kansa abin da zai kai shi ofishin firinsifal. Aikin farko ya jira sai aji ya zauna, kuma ya zama ƙarami, na darasi huɗu ko biyar. Ɗaya a zango ya isa.

Idan aka kasa su shida-shida, rukuni 15 ke nan, kuma ba dole duka su fita lokaci guda ba. Rukuni biyu su yi awo, sauran na ciki suna warware misalan da za su buƙata gobe. Kowa a rukuni ya samu abin da za a tambaye shi: mai riƙe igiya, mai karanta awo, mai rubutawa, mai sake lissafi don tabbatarwa. A ajin da ke haɗe da maza da mata, idan malami bai raba da kansa ba, galibi maza za su kwashe kayan awo a bar wa mata rubutu, don haka sai a riƙa juyawa.

Maki shi ne wurin da rigima ke ɓuya. Idan aka ba rukuni maki ɗaya, mai ƙoƙari ɗaya zai yi aikin, biyar su ci bulus. Hanya mafi sauƙi ita ce kaso mafi girma na makin ya fito daga gajeren gwaji na kowa da kansa bayan an gama, da rufi mai wani awo daban da ruwan sama mai wani adadi daban. Wannan gwajin ne zai gaya wa malami gaskiya. A gefe guda kuma yana shirya su ga jarrabawar kammala ƙaramar sakandare, da WAEC da NECO a gaba, inda kowa shi kaɗai zai zauna da takardarsa, tambayoyin kuma da Turanci. Shi ya sa ko da an yi gardamar da Hausa a rukuni, kalmomin lissafin da za su gamu da su a jarrabawa ya kamata su hau allo, su shiga littafin kowa.

Akwai kuma abin da aikin zai tona. A kusan kowane aji za a samu waɗanda suka iso sakandare ba su iya ninka 72 sau 20 ba. A darasin allo suna iya ɓuya a bayan kwafar rubutu har zango ya ƙare, a wurin aiki kuwa ba maɓoya. Tankin ruwa ba zai koya musu jadawalin ninkawa ba, sai an ware musu minti biyar zuwa goma a farkon kowane darasi ana maimaitawa. Tsarin koyar da yaro daidai matakin da yake, wanda ƙungiyar Pratham ta Indiya ta ɓullo da shi kuma aka gwada a jihohi irin su Borno da Kano, a kan wannan giɓin aka gina shi.

Inda za a nemi taimako

Sabon malami ba daga sama zai fara ba. Tun 2006 Najeriya ta fara shirin SMASE na ƙarfafa koyar da lissafi da kimiyya tare da hukumar JICA ta Japan, aka soma da jihohin Kaduna da Neja da Filato. Ginshiƙinsa shi ne darasi ya ƙunshi aikin hannu, ya karkata ga ɗalibi, kuma malami ya ƙirƙiri kayan koyarwa daga abin da ke kusa da shi. A makarantu da dama akwai tsofaffin malaman da suka halarci irin wannan horo, kuma su ne suka san wane aji ne ke ɗaukar fita waje, wane ne kuma ba ya ɗauka.

Kafin a fara, shugaban sashen lissafi ya ga shirin a rubuce, tare da nuna makon jadawalin da kowane mataki ya cike, domin mai duba makarantu idan ya zo jadawalin zai buɗe. Kada a ɗora wa iyaye ko kwabo: igiya, gwangwanin madara, rula da tef ɗin aro daga tela ko kafinta sun isa. Sannan malamin ya yi aikin da kansa tun daga farko har ƙarshe, ranar Asabar ko bayan an tashi, ya auna rufin, ya fitar da alƙaluman, ya ajiye a aljihu. Idan rukuni ya kawo masa lita 14,400 maimakon 1,440, zai gane nan take cewa sifili ɗaya ne ya ƙaru wajen mayar da milimita mita, ya san kuma wane misali zai rubuta a allo washegari.